Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1912-1966

An haifi marigayi Alhaji Abubakar a garin Tafawa Ɓalewa, cikin Lardin Bauci, a shekara ta 1912. Shi ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, bara ne a gidan Hakimin Lere. Bayan ya yi karatu a garinsu da kuma Bauci, sai ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fita a 1933, ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa.

A wannan shekara ce Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari, shi kuwa ya aika da Shaihu Umar. Masu nazarin adabi sun san cewa cikin littattafan gasar, shi ne ya tsaya a kan rayuwa ta zahiri, watau bauta da rabuwar uwa da ɗa, ba tare da aljanu ko barkwanci ba. Natsuwar da ke cikin littafin ita ce halin marubucinsa.

Da ya komo daga Jami'ar London a 1946, sai aka zaɓe shi ɗan Majalisar Jihar Arewa, daga can kuma aka tura shi Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947. Amma fa aikin da ya fi nuna ƙarfin zuciyarsa shi ne shawarar da ya kawo a Kaduna cikin watan Agusta 1950. Ya tashi gaban Turawa da manyan En'e ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e dungum, domin talaka ba shi da ta cewa a cikinsa, sarki kuma ba a iyakance masa iko ba. A zamanin nan, malamin makaranta da ke karɓar albashi daga hannun En'e ya faɗi haka, ba ƙaramar kasada ba ce. Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba, amma aka yi binciken, cikin 'yan shekaru kuma aka wajabta wa sarki yin aiki tare da majalisarsa.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, na Sufuri a 1954, sa'an nan Firayim Minista a 1957, yana mataimakin Sardauna a jam'iyyar NPC. Shi ya karɓi 'yancin Nijeriya ran 1 ga Oktoba 1960. A harkokin waje ya yi rawar gani: ya aika da soja Kwango, ya yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam a Sahara, ya kuma halarci kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa a 1963.

A cikin gida kuwa al'amarin ya sha bamban. Gwamnatinsa ta sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, aka ɗaure Cif Awolowo a 1963, ƙidayar jama'a ta jawo gardama, zaɓen 1964 ya kusa raba ƙasa. Da aka yi zaɓen Yamma a Oktoba 1965, maguɗi ya fito fili, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe. A nan ne haƙurin da ake yabonsa da shi ya zama aibi, gama wanda ya gaggauta sa doka a 1962 kan faɗa cikin majalisa, sai ga shi ya yi shiru ana zub da jini, alhali Akintola abokin ƙawancen jam'iyyarsa ne ke kan mulki.

Ya shugabanci taron ƙasashen Kwamanwel kan Rodeshiya a Ikko cikin Janairu 1966. Kwana kaɗan bayan watsewar taron, daren 15 ga wata, soja suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta, aka kai ta Bauci aka yi mata sutura. Allah ya jiƙansa.