Zubaida Mai Ruwan Alhazai

Ya kai ɗalibi, ka san Zubaida 'yar Ja'afar, matar Halifa Haruna Rashidu? Da ta je Hajji ta tarar ƙishirwa ta addabi alhazai, har an ruwaito salka guda ta kai dinari. Sadakar ruwa kuwa da an shanye ta ƙare. Sai ta tara magina, aka jawo ruwa ta ƙarƙashin ƙasa daga Wadi Nu'uman har Arfa. Hanyar Kufa zuwa Makka ma ta sa an yi mata rijiyoyi da tafkuna zango-zango.

Ta rasu a Bagadaza a 216 Hijira (831). Magudanar nan kuwa, in ta lalace a gyara, ta shayar da alhazai fiye da shekara 1,000, har da kakanninmu da suka je a ƙasa. Allah ya jiƙanta.