Julia Margaret Cameron: Matar da ta mayar da akurkin kaji ɗakin ɗaukar hoto

Yau duk mai waya a aljihu mai hoto ne. Ka danna, in bai yi ba ka goge ka sake. Shekara 160 da suka wuce kuwa, hoto ɗaya sai an sha wuya, kuma galibin masu sana'ar maza ne. Cikin matan da suka kutsa har suka bar suna akwai Julia Margaret Cameron.

An haife ta a Kalkata ta Indiya ranar 11 ga Yuni, 1815, mahaifinta James Pattle yana yi wa Turawan mulki aiki a can. Ta yi karatu a Faransa. A 1838 ta auri Charles Hay Cameron, masanin shari'a da ya girme ta da shekara 20. Sun koma Ingila a 1848, daga 1860 kuma suka zauna a ƙauyen Freshwater da ke tsibirin Wight, maƙwabtan mawaƙi Alfred Tennyson.

A ƙarshen 1863 maigidan ya tafi Silon, wato Sri Lanka ta yau, duba gonakinsu na kofi. Sai 'yarta da surukinta suka ba ta kyautar kyamara don ta rage kaɗaici. Shekarunta 48 a lokacin, 'ya'ya shida duk sun tasa. Abin da aka ba ta don ɗebe kewa, ita sai ta ɗauke shi da gaske. Ta kwashe kaji daga akurki ta mayar da shi ɗakin ɗaukar hoto, ma'ajiyar kwal kuma ta zama ɗakin wanki. A Janairun 1864 ta ɗauki wata yarinya, Annie Philpot, hoton da ta lissafa a matsayin nasararta ta farko.

Ku dubi wahalar aikin fa. Za ta shafe farantin gilashi da sinadari mai danƙo, ta tsoma shi a ruwan azurfa, ta sa a kyamara tun yana jiƙe, ta ɗauka, ta wanke kafin ya bushe. Wanda ake ɗauka kuwa sai ya ƙame na mintuna, ko motsi babu. Ruwan azurfar nan baƙi yake mayar da yatsu da tufafi.

Masu situdiyo na zamanin suna so komai ya fito tangaran: mutum a tsaye ƙiƙam, labule da kujera a bayansa. Ita kuwa sai ta matso da kyamara dab da fuska, ta duhunta baya, ta bar haske ya shigo ta gefe guda. In ta ga fuskar ta yi mata yadda take so, nan take tsayawa da saiti, ko da hoton ya yi hazo-hazo. Mujallun masu hoto suka yi mata caa, wai ba ta iya aiki ba, ga dishi-dishi, ga tabo, ga shaidar yatsa. Ba ta sauya ba, don halin mutum take nema a fuskarsa. Masu zane da marubuta ne suka fara gane inda ta dosa.

A haka ta ɗauki masanin taurari John Herschel da marubuci Thomas Carlyle a 1867, da Charles Darwin a 1868. A shekarar ce ta ɗauki Yarima Alemayehu, ƙaramin yaron Sarki Tewodros na Habasha, wanda sojojin Ingila suka tafi da shi bayan yaƙin Magdala. Mai aikin gidanta, Mary Hillier, ita ma ta sha zama gaban kyamarar.

Kada ku ɗauka wasan masu kuɗi ne kawai. Gonakin kofi sun daina kawo abin kirki, gida na bukatar kuɗi. Don haka ta riƙa yi wa hotunanta rajistar haƙƙin mallaka tana sayarwa a Landan. Gidan tarihi na South Kensington, wanda yau ake kira Victoria and Albert, ya sayi aikinta a 1865, shekara biyu bai cika da fara sana'ar ba.

A 1875 iyalin suka koma Silon, inda aikin ya ja baya. Can ta rasu ranar 26 ga Janairu, 1879, ta bar hotuna kusan 900. A 1926 marubuciya Virginia Woolf, jikar 'yar'uwarta, ta haɗa kai da Roger Fry suka fitar da littafin hotunanta. Gidanta na Freshwater, Dimbola, yanzu gidan tarihi ne.

To 'yan'uwa ɗalibai, musamman mata da ake ce wa wani fannin na maza ne, da waɗanda ke jin sun makara da shiga aji: matar nan ta fara tana da 48, a akurkin kaji, ana yi mata dariya. Hazon nan da aka kira kuskure, shi ake zuwa kallo yau.