Käthe Kollwitz: Matar da ta buga wahalar mata a takarda

Yau filinmu ya leƙa ƙasar Jamus, domin kawo wa 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata na Filinge da sauran ƙasar Kurfai, tarihin wata mai zane da ta ƙarar da rayuwarta a kan matan talakawa.

An haife ta a 1867 a Königsberg, garin da yanzu ake kira Kaliningrad a Rasha. A 1891 ta auri likita Karl Kollwitz, suka tare a unguwar ma'aikata a Berlin. Matan da ke kawo 'ya'yansu wurin maigidan nata, su ta riƙa kallo tana zanawa.

Sana'arta ita ce ta kankare hoto a farantin tagulla ko katako, ko ta zana shi a kan dutse, a shafa tawada a danna takarda, kamar yadda ake buga hatimi. Faranti ɗaya kan fitar da hotuna masu yawa, don haka sukan yi araha har talaka ya samu.

Daga 1893 zuwa 1897 ta yi hotuna 6 a kan boren masaƙa. A ɗaya, uwa ce ta dafe kai kusa da ɗanta marar lafiya. A wani kuma mata ne ke tsintar duwatsun jifa a ƙofar mai masaƙa. A 1898 aka so ba ta lambar zinariya, Sarki Wilhelm na 2 ya hana. A 1924 ta zana wata uwa da ta juya baya, yara biyu na jan rigarta saboda yunwa. Duk macen da ta taɓa dawowa daga kasuwa ba ciniki, ta san wannan juya bayan.

Ita ma ba ta tsira ba. An kashe ɗanta Peter a yaƙin 1914 yana ɗan shekara 18, jikanta kuma a 1942. Ita ce mace ta farko da aka zaɓa a majalisar gwanayen zane ta Prussia a 1919, amma gwamnatin Hitler ta tilasta mata sauka a 1933. Bom ya rusa gidanta a 1943.

Ta rasu ranar 22 ga Afrilu 1945, saura kwana 16 yaƙin ya ƙare a Turai. Har gobe mutane na zuwa gidajen tarihi a Berlin da Kolon don ganin fuskokin matan nan da ta zana.