Pierre Beauchamp (1631–1705): Malamin Rawar Fada da Matsalar Taskace Taku a Rubuce

1.0 Gabatarwa

Nazarin adabin baka na Hausa ya yi nisa wajen taskace waƙa da kiɗa, amma rawa ba ta samu irin wannan gata ba. Ana iya rubuta ɗiyan waƙa, a naɗi amon kalangu, shi kuwa taku yakan ɓace da zarar mai rawa ya tsaya. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar wani Bafaranshe da ya tunkari wannan matsala fiye da shekara 300 da suka wuce, a zamanin da masana fasahar Turai ke kira Barok, domin a ga abin da ya tsira ta dalilinsa da abin da ya salwanta.

2.0 Tasowarsa da Shigarsa Fada

An haifi Pierre Beauchamp a shekarar 1631 a gidan da suka gaji kiɗan goge irin na Turawa da koyar da rawa. A 1653 ya taka rawa a gagarumin wasan fada wanda Sarki Louis na 14, yana ɗan shekara 14, ya fito a cikinsa a siffar rana. Beauchamp ya zama malamin rawar wannan sarki na tsawon fiye da shekara 20.

A fadar Faransa rawa ba nishaɗi kawai ba ce, ma'aunin daraja ce. A daren biki namiji da mace kan fito su biyu tak a gaban sarki, sauran jama'a na kallo, kuma bisa tsarin muƙami ake fitowa. Kuskuren taku na iya zubar da ƙimar bafade. Wannan ne ya sa Sarki Louis ya kafa cibiyar rawa ta masarauta a 1661, wadda daga baya Beauchamp ya shugabanta.

3.0 Aikinsa a Dandamali

A 1661 Beauchamp ya tsara rawa da kiɗan wasan Les Fâcheux na marubuci Molière, wasan da ya cuɗa barkwanci da rawa a dandamali guda. Ya kuma tsara raye-rayen Le Bourgeois gentilhomme a 1670. Daga nan ya zama shugaban masu rawa a gidan wasan waƙe na birnin Faris, inda ya yi aiki da makaɗi Jean-Baptiste Lully har mutuwar Lully a 1687. A shekarar ya sauka, almajirinsa Louis Pécour ya gaje shi. Shi ake jingina wa daidaita tsayuwar ƙafa iri biyar da har yau ake fara koya wa ɗaliban rawar bale, kamar yadda Pierre Rameau ya shaida a littafinsa na 1725.

4.0 Rubutun Taku da Shari'ar 1704

Babban aikin Beauchamp shi ne ƙirƙiro hanyar rubuta rawa bisa umarnin sarki. Akan ja layi a takarda ya nuna hanyar da mai rawa zai bi a fili. Alamomin dama da hagu na layin su ne takun ƙafafu biyu, ƙananan zane-zane a jikinsu kuma su nuna lanƙwasa gwiwa, ko ɗagawa bisa yatsu, ko tsalle, ko juyi. Ana gitta layin da gajerun sanduna masu dacewa da gaɓoɓin kiɗan da aka rubuta a saman shafin, ta yadda kowane taku zai faɗa a kan bugunsa.

Sai dai Beauchamp bai buga wannan tsari ba. Raoul-Auger Feuillet ne ya samu izinin bugawa, ya fitar da shi a littafinsa Chorégraphie a 1700. A 1704 Beauchamp ya kai ƙara yana neman haƙƙinsa, amma bai yi nasara ba. Ya rasu a Faris a 1705. Shekara guda bayan haka John Weaver ya fassara littafin Feuillet zuwa Ingilishi a Landan, tsarin ya bazu a Turai da sunan wani.

5.0 Abin da ya Tsira

Raye-raye fiye da 300 na fada da na dandamali sun iso wannan zamani a cikin wannan rubutu, da yawansu na Pécour da Feuillet. Na Beauchamp kansa kuwa kaɗan ne ƙwarai suka saura. A ƙarni na 20 masana irin su Wendy Hilton da Francine Lancelot suka koyi karanta alamomin, suka mayar da su jikin masu rawa. Lancelot ce ta tsara raye-rayen wasan Atys na Lully da aka farfaɗo da shi a Faris a 1987. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin rubutun ya fi ba ƙafa muhimmanci. Motsin hannu da riƙon jiki sai an nemo su a bayanan Rameau da zane-zanen lokacin. Masana a yau suna kiran tsarin da sunan mutanen biyu, Beauchamp da Feuillet.

6.0 Kammalawa

A 1971 David Ames da Anthony King sun buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa bisa binciken da suka yi a Zariya da Katsina. Taku na buƙatar kwatankwacin wannan aiki, ko na rawar 'yan tauri, ko ta maharba, ko ta gaɗa, ko ta bori. Bidiyo na nuna abin da mutum ɗaya ya yi rana ɗaya, amma ba ya bambance ƙa'ida da salon mai rawa. Rayuwar Beauchamp ta nuna abubuwa uku da ya kamata su tafi tare: zanen taku, kiɗan da ke ɗauke da shi, da bayanin gwanin da ya taka, haɗe da sunansa. A harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai masana Hausa da masana wasan kwaikwayo a maƙwabtaka da juna, tsofaffin gwanayen rawa kuma ba su da nisa. Lokacin zama da su shi ne yanzu, tun ƙafafunsu na iya nuna abin da bakinsu ke faɗa.