Robert Bosch, Bajamushen da Ya Daidaita Wutar Inji

Duk malamin da ya taɓa kai tsohon babur wurin makanikan Tudun Wada ya ji ana zancen saita wuta. Yau za mu kawo tarihin mutumin da ya sa wutar nan ta zama abin dogara.

An haifi Robert Bosch ran 23 ga Satumba 1861 a ƙauyen Albeck, kusa da Ulm, ƙasar Jamus, shi ne na 11 cikin 'ya'ya 12. Ya koyi aikin ƙananan na'urori, ya tafi Amurka ya yi aiki a masana'antar Edison, sa'an nan ya komo ya buɗe ɗakin aikinsa a Stuttgart cikin 1886.

A zamanin nan waɗansu injuna da ɗan bututu mai jan wuta ake kunna man cikinsu. Ga haɗarin gobara, ga shi kuma babu mai iya ƙayyade lokacin da man zai kama. Lokacin nan kuwa shi ne gindin magana. Tilas tartsatsi ya fita gab da fistin zai kai ƙololuwa, domin mai yana bukatar ɗan lokaci kafin ya cinye. In ya yi sauri da yawa, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa, kik ya dawo ya bugi ƙafar mai babur. In ya makara, inji ya ɗauki zafi, ƙarfi ya ragu, mai ya tafi a banza.

Cikin 1897 ma'aikatarsa ta ɗaura maganeto, watau na'urar da ke haifar da lantarki ba tare da batir ba, a kan babur mai ƙafa uku na De Dion-Bouton. Amma a ganinmu babban aikin shi ne na 1902, sa'ad da injiniyansa Gottlob Honold ya ƙera maganeto mai ƙarfin wuta wanda ke aika tartsatsi zuwa fulogi. Ya kamata a riƙa ambaton Honold, don sunan maigida ya rufe nasa. Da wannan ne injuna masu saurin juyi suka samu wuta daidai kan lokaci.

Bosch bai yi rowa da arzikinsa ba. Tun 1906 ya mai da aikin ma'aikatansa awa 8 a yini, ya kuma gina asibiti a Stuttgart wanda aka buɗe cikin 1940. Ya mutu ran 12 ga Maris 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.