Althea Gibson, Yarinyar Da Ta Koma Aji Tana Da Shekara 19

Yawancinmu a nan Dutsi in aka ce tanis, na tebur muke tunawa. To, akwai babbansa da ake bugawa a fili da raga a tsakiya, kuma an daɗe a ƙasar Amurka ba a barin baƙar fata ya shiga manyan gasanninsa. Wadda ta fara keta wannan shinge mace ce, sunanta Althea Gibson.

An haife ta ran 25 ga Agusta, 1927, a ƙauyen Silver cikin Jihar Carolina ta Kudu. Iyayenta noman auduga suke yi a gonar wani, in an tsince a raba da mai gona. Da noman ya ƙi, sai suka yi ƙaura a 1930 zuwa Harlem, unguwar baƙar fata a birnin New York. Althea ba ta ƙaunar makaranta ko kaɗan. Takan fita da safe kamar za ta aji, sai ta ɓuge da yawo da ƙwallon kwando, har ta daina zuwa ɗungum tana da shekara 13.

A lokacin ’yan sanda sukan tare titin gidansu da rana domin yara su sami wurin wasa. Nan ta koyi wani ƙaramin tanis da ake bugawa da faifan katako, kuma tana da shekara 12 ta zama zakarar mata ta birnin. Maƙwabta suka ga abin ya wuce wasan yara, suka yi karo-karo a 1940 suka biya mata kuɗin koyon tanis na sosai. A 1944 da 1945 ta ci gasar ’yan mata ta ƙungiyar tanis ta baƙar fata.

A 1946 wasu likitoci biyu baƙar fata, Dokta Hubert Eaton da Dokta Robert Walter Johnson, suka ga wasanta, suka ce za su ɗauki nauyinta amma sai ta koma makaranta. Ta yarda. Ta tare gidan Dokta Eaton a garin Wilmington, inda yake da filin tanis a bayan gida. Tana da shekara 19, ga ta doguwa, ta zauna aji ɗaya da yaran da ta girme wa nesa ba kusa ba. Mu da muke riƙe da alli mun san nauyin wannan. Sau nawa muka ga ɗaliba ta bar karatu shekara ɗaya kacal, kunya ta hana ta dawowa? A ganinmu wannan zama na shekara uku bai gaza kowane kofi da ta ɗauka wuya ba. Ta gama sakandare a 1949, ta sami gurbi a Jami’ar Florida A&M, ta fito da digiri a 1953.

Tun daga 1947 ta yi shekara 10 a jere tana cin gasar mata ta baƙar fata, amma babbar gasar ƙasa a rufe take gare ta. Sai da wata tsohuwar zakara Baturiya, Alice Marble, ta rubuta wasiƙa mai zafi a wata mujalla a 1950 ta kunyata shugabannin wasan, sannan aka gayyace ta. A zagaye na biyu ta kara da Louise Brough, zakarar Wimbledon. Saura ƙiris ta ci, sai hadari ya taso, tsawa ta kayar da wani gunkin mikiya na dutse daga saman filin, aka ɗage wasan. Washegari Brough ta ci.

Bayan nan abubuwa suka yi sanyi, har ta kama aikin koyar da motsa jiki, ta yi tunanin shiga soja. Ziyarar wasanni da gwamnati ta tura ta yi a ƙasashen Asiya a 1955 ita ta farfaɗo da ita. A 1956 ta ci gasar Faransa. A 1957 ta ci Wimbledon a Ingila, Sarauniya Elizabeth ta miƙa mata kyautar da hannunta, sannan ta ci gasar Amurka bayan ta doke Brough ɗin nan. A 1958 ta sake cinye biyun.

Sai dai kofi ba ya zama tuwo. A zamanin ba a ba wanda ya ci waɗannan gasanni ko kwabo, sai a 1968 aka soma. Don haka ta bar su a 1958 ta shiga wasan neman kuɗi, tana buga na nishaɗi kafin ’yan ƙwallon kwando na Harlem Globetrotters su fito. Ta yi faifan waƙa, ta fito a fim, ta koma wasan golf, inda wasu kulob suka hana ta ɗakin sauya kaya, sai a mota take yi.

Da tsufa ya zo, ciwon shanyewar jiki ya kama ta, kuɗin magani da na haya suka gagare ta. Angela Buxton, Bayahudiya ’yar Ingila wadda suka ci wasan bibbiyu tare a 1956, ita ta sanar da duniya aka tara mata gudummawa. Althea ta rasu ran 28 ga Satumba, 2003, tana da shekara 76. A 2019 aka kafa mutum-mutuminta a harabar filin gasar Amurka a New York.