Liu Shaoqi: Shugaban Ƙasar Da Aka Ƙona Gawarsa Da Sunan Wani

A ƙasar Sin, manyan shawarwari suna fitowa ne daga zaunannen kwamitin ofishin siyasa na jam'iyyar kwaminis, wato 'yan tsirarun dattawan da ba kasafai suke kai goma ba. Sa'ad da aka sake kafa wannan kwamiti a 1956 mutum shida ne a cikinsa, kuma na biyu a jeri, bayan Mao Zedong, shi ne Liu Shaoqi. Rayuwarsa ta isa a yi nazari, domin da hannunsa ya sassaƙa sandar da aka doke shi da ita.

An haife shi a 1898 a lardin Hunan, ba nesa da mahaifar Mao ba. Ya tafi karatu Mosko, ya shiga jam'iyya a 1921, ya dawo ya haɗa kan masu haƙar kwal na Anyuan har suka yi yajin aiki a 1922. Mutum ne mai kamun kai, gwanin tsari, wanda littafinsa na 1939 kan tarbiyyar ɗan jam'iyya ya ginu bisa biyayya. A 1943 ya shiga sakatariyar mutum uku wadda aka ba Mao ikon yanke magana ta ƙarshe a cikinta. A babban taron 1945 kuwa, shi ne ya tsaya kai da fata aka rubuta Tunanin Mao a kundin jam'iyya. Mai karatu ya lura: kwamitin da aka kafa don shawara ya amince da bakinsa cewa ɗaya daga cikinsa ya fi ƙarfin shawara.

A 1959 ya zama shugaban ƙasa. A shekarar ce ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa kan ɓarnar da shirin haɗa gonaki da narka ƙarfe a ƙauyuka yake yi. Aka tuɓe Peng, Liu kuma ya goyi bayan tuɓewar. Sai da ya koma garinsu a 1961, ya yi kwana 44 yana zagaya ƙauyuka, sannan ya ga yunwar da ta ci miliyoyin rayuka. A Janairun 1962, gaban jami'ai kusan 7,000, ya maimaita abin da manoma suka gaya masa, cewa kashi uku cikin goma na bala'in daga fari ne, bakwai kuma aikin mutane. Gaskiya ya faɗa, amma a makare, kuma Mao bai manta ba.

Da juyin juya halin al'adu ya ɓarke a 1966, aka saukar da shi daga na biyu zuwa na takwas. A Agustan 1967 masu zanga-zanga suka lakaɗa masa duka a harabar fadar mulki ta Zhongnanhai, shi kuwa ya ɗauko kundin tsarin mulkin ƙasa yana tunatar da su matsayinsa. Allah sarki, takarda ce kawai a hannunsa. Abokan zamansa a kwamitin, ciki har da Zhou Enlai, ba wanda ya fito ya tare masa. A Oktoban 1968 kwamitin tsakiya ya kore shi daga jam'iyya bisa zargin cin amana, a zaman da fiye da rabin cikakkun wakilai ba su halarta ba. Mace guda, Chen Shaomin, ita kaɗai ta ƙi ɗaga hannu.

Ya mutu a tsare a Kaifeng ranar 12 ga Nuwamban 1969, bayan doguwar jinya. Aka ƙona gawar da sunan ƙarya, aka rubuta a takarda cewa mamacin ba shi da aikin yi. 'Ya'yansa ba su samu labari ba sai 1972. A Fabrairun 1980, bayan Deng Xiaoping ya riƙe ragama, jam'iyyar ta wanke shi daga dukkan zargi. A watan Mayu aka miƙa tokarsa ga matarsa Wang Guangmei, wadda ta yi shekara fiye da goma a kurkuku, iyalin suka zuba ta a teku kamar yadda ya yi wasiyya.